Cutar Da Ke Cin Tsiro Tun Daga Ƙarƙashin Ƙasa: Darasi Daga Manoman Gwazar Sukari Na Amurka

Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, to shafa wa naka ruwa. Wannan ne ya sa a wannan makon muka ga ya dace mu ɗauki mai karatu zuwa wata nahiya mai nisa, mu duba halin da wasu manoma suke ciki da wata shuka da ba a nomanta a nan Gana. Dalili kuwa shi ne, biyu daga cikin cututtukan da ke kashe musu tsiro su ne dai suke kashe wa masu lambunmu na Ankara da Kumasi da Tamale dashen tumatir da kabeji da barkono, kuma dangin magungunan da suka daina yi musu aiki suna nan jere a shagunan kayan noma na kasuwanninmu.

Shukar da muke magana a kanta Turawa na kiranta shuga-bit, mu kuma za mu kira ta gwazar sukari saboda kamanninta. Saiwa ce fara mai kauri, sama da faɗi ƙasa da tsini kamar ƙaton karas, guda ɗaya kan kai nauyin kilo, kuma danginsu ɗaya da alayyafo. Kashi 16 zuwa 18 cikin 100 na nauyin saiwar sukari ne. Wani masani Bajamushe mai suna Andreas Marggraf ne ya fara nunawa a 1747 cewa sukarin da ke cikinta iri ɗaya ne da na rake, sannan ɗalibinsa Franz Achard ya gina masana'antarta ta farko a yankin Silesiya a farkon shekarun 1800. A yau kusan kashi ɗaya cikin biyar na sukarin duniya daga wannan shuka yake fitowa, a Amurka kuwa ya haura rabin sukarin da ƙasar take samarwa.

Cibiyar nomanta a Amurka ita ce kwarin kogin Red Riba, wato Jan Kogi, wanda ya raba jihar Minesota da jihar Dakota ta Arewa kafin ya shige Kanada. Jihohin biyu suna shuka fiye da eka 600,000 a kowace shekara. Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, baƙar laka mai albarka, domin a zamanin da can gindin wani ƙaton tafki ne. To amma kowane manomi ya san halin laka, ba ta saurin sakin ruwa, kuma inda ruwa ya kwanta nan cuta take samun masauki. Babban kamfanin sukari na yankin, American Crystal Sugar, mallakar manoman ne da kansu tun 1973 da suka haɗa kuɗi suka saye shi, kuma yana da masana'antu biyar a cikin kwarin. Saboda haka idan tsiro ya mutu a gona, asarar takan bi manomi har cikin ribar kamfaninsa.

Abin da ya sa mutuwar tsiro ta fi ciwo a wannan noma shi ne yadda ake shukar. A da ƙwaya ɗaya takan fitar da tsiro da yawa, sai ma'aikata sun bi layi suna rage su da hannu. Tun bayan da aka gano irin da ke fitar da tsiro ɗaya tak a 1948, aka koma inji ne yake ajiye ƙwaya guda a kowane gurbi. Ana shuka daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, a fara babban girbi a farkon Oktoba kafin sanyi ya daskarar da ƙasa. Gurbin da tsironsa ya mutu ya tafi ke nan, ciyawa ce za ta gaje shi, wanda kuma ya sake shuka a makare ya san amfaninsa ya riga ya ragu.

Maƙiya uku a cikin ƙasa

Cututtukan da ke yi musu wannan ɓarna a farkon damina uku ne, kuma dukkansu a cikin ƙasa suke zaune, ido ba ya ganinsu. Ta farko ita ce Fitiyam, wadda take ruɓar da ƙwayar iri tun kafin ta huda ƙasa, musamman idan aka yi ruwa mai yawa bayan shuka. Manomi zai yi ta jira, daga baya ya ga layinsa duk giɓi, ya ɗauka irin ne ba shi da kyau.

Ta biyu ita ce Afanomaisis, wadda ita kuma ɗumi da danshi take jira. Tsiro zai fito lafiya lau, bayan mako ɗaya zuwa uku sai karansa ya fara baƙi daga inda ya taɓa ƙasa, ya sirance ya zama kamar zare, iska kaɗan ta karya shi. Wannan cuta tana ajiye wasu ƙwayoyi masu kaurin ɓawo da kan zauna a cikin ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran shukar da za su ci. Da zarar ƙasa ta jiƙe sharkaf, sai su saki wasu ƙananan 'ya'ya masu iyo a cikin ruwan da ke tsakanin ɓarɓashin ƙasa har su iske saiwa. Tsiron da ya tsira ma bai gama tsira ba, domin yakan girma da saiwa mai tabo, sukarinta kaɗan, kuma ba ta jure ajiya.

Ta uku ita ce Rizoktoniya, wadda take yanke tsiro daidai wuyansa, ta bar masa baƙin tabo, ya faɗi ya bushe, daga baya kuma ta dawo ta ruɓar da manyan saiwoyi a tsakiyar damina. Tana rayuwa a kan ragowar karan amfanin gona, kuma ba ta zaɓen abinci: tana cin waken soya da wake, wani nau'inta har da masara. Da manoman kwarin suka rage noman alkama da sha'ir suka ƙara na waken soya da masara a gonakin da suke juyawa da gwazar sukari, sai cutar ta samu abinci kowace shekara, ta yi ƙarfi. Takan tashi aiki sosai idan zafin ƙasa a zurfin santimita 10 ya kai wajen digiri 18.

Wani abu da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, duk da cewa ɓarnar ukun ta yi kama da juna a ido, ba jinsi ɗaya ba ne. Rizoktoniya fumfuna ce ta ainihi, sauran biyun kuwa wasu halittu ne na ruwa da suka yi kama da fumfuna kawai. Shi ya sa maganin wannan ba lalle ya ci waccan ba. Maganin da ake kira metalaksil, alal misali, yana kashe Fitiyam, amma ba ya taɓa Afanomaisis, ba ya taɓa Rizoktoniya. Wanda bai san wace ce ta shiga gonarsa ba, kuɗinsa kawai zai zuba a ƙasa.

Rigar magani a jikin ƙwaya

Tunda ba a iya bin cuta cikin ƙasa da feshi bayan ta gama ɓarna, dabarar da aka fi dogara da ita ita ce a yi wa kowace ƙwayar iri riga tun a kamfani. Ana mulmula ta da wani gari har ta zama dunƙule, a sa mata magunguna biyu ko uku a jiki. Akwai metalaksil saboda Fitiyam. Akwai haimeksazol, maganin ƙasar Japan da ake sayarwa da sunan Tachigaren, wanda aka ba izinin amfani da shi a Amurka a 1995 saboda Afanomaisis. Daga wajen 2014 kuma aka shigo da wani sabon rukuni saboda Rizoktoniya. Sai dai wannan riga makonni kaɗan take yi ƙarfinta ya ƙare. Bayan nan manoma kan bi layi da feshin azoksistirobin, wanda aka fi sani da Quadris, lokacin da shukar ta yi ganye huɗu zuwa takwas.

Akwai nau'o'in iri masu jure waɗannan cututtuka, amma juriyar ba ta bayyana sosai sai shukar ta ɗan girma. Ke nan a makonnin farko rayuwar tsiro tana rataye ne a kan magunguna 'yan ƙalilan. Idan ɗaya ya daina ci, babu wani tarin magani a ajiye da za a ɗauko a madadinsa.

Yadda magani yake mutuwa

Mu nan ba baƙi ba ne ga wannan magana. Iyayenmu sun ga zamanin da kulorokwin yake kwantar da zazzaɓin cizon sauro cikin kwana biyu, sun kuma ga lokacin da aka riƙa sha ba ya yin komai, har gwamnatin Gana ta sauya shi a 2004 da haɗin magunguna biyu. Abin da ya faru da ƙwayar zazzaɓi shi ne yake faruwa da fumfuna. A cikin miliyoyin ƙwayoyin cuta da ke gona, akan samu 'yan kaɗan da halittarsu ta ɗan bambanta, magani ba ya kama su. Duk feshi yana kashe sauran ya bar waɗannan, su hayayyafa, a kwana a tashi su ne suka cika gonar. Magungunan zamani da yawa wuri ɗaya kawai suke bugu a jikin cutar, kamar mabuɗi ɗaya da kwaɗo ɗaya. Ranar da cutar ta canza kwaɗon, mabuɗin ya tashi daga aiki, shi da duk 'yan'uwansa na rukuni ɗaya.

Manoman gwazar sukari sun ga wannan da idonsu a kan wata cutar ganye mai suna Sakospora, wadda take yi wa ganye ɗigo-ɗigo har ya ƙone. Rukunin maganin benzimidazol ya fara gazawa a kanta a ƙasar Girka a 1973, a Minesota kuma a farkon shekarun 1980. Aka koma ga maganin da ake yi da sinadarin kuza, shi ma a 1994 aka fara ganin cutar tana jure shi. A 1998 annobar ta ci wa manoman jihohin biyu fiye da dala miliyan 100, tsakanin amfanin da ya ragu da kuɗin feshi. Sai aka samu sabon rukuni, dangin azoksistirobin, aka yi murna. A 2011 ya gaza a jihar Mishigan, a 2016 kuma mafi yawan samfuran cutar da aka gwada daga kwarin Jan Kogi sun riga sun bijire masa. Canji ɗaya tak a cikin ƙwayar halittar cutar ne ya kawo ƙarshen amfaninsa a kanta.

To ga inda tsoron yake. Wannan rukuni da ya faɗi a kan ganye, shi ne ake dogara da shi a kan Rizoktoniya a ƙarƙashin ƙasa. Wani bincike na Jami'ar Jihar Dakota ta Arewa da aka buga a 2016 ya nuna har lokacin maganin yana cin Rizoktoniyar gwazar sukari, amma a 2011 an riga an samu wani nau'in Rizoktoniya a gonakin shinkafa na jihar Luwiziyana da ya bijire masa. Shi ma metalaksil yana da tarihi: an fito da shi a 1977, zuwa 1980 cutar ƙunar ganyen dankalin Turawa ta bijire masa a Ailan da Holan, har aka janye shi daga kasuwa, aka dawo da shi a haɗe da mankozeb. Wannan ne ya sa kamfanonin magani suka kafa wani kwamiti mai suna FRAC a 1981, wanda ya ba kowane rukuni lamba. Benzimidazol lamba 1 ne, metalaksil lamba 4, azoksistirobin lamba 11. Bugu da ƙari, tsofaffin magungunan da cuta ba ta saurin bijire musu suna raguwa, domin Tarayyar Turai ta soke izinin tiram a 2018, ta soke na mankozeb a 2020.

Abin da suka koma yi

Abin sha'awa shi ne, ɗaya daga cikin manyan makaman da suka samu a kan Afanomaisis daga bola aka ɗauko shi. Masana'antar sukari tana amfani da farar ƙasa wajen tace ruwan saiwar, ragowar kuma a tara ta tsibi-tsibi a bayan masana'anta. A gwajin da Dokta Carol Windels da abokan aikinta na cibiyar binciken Jami'ar Minesota da ke garin Kurukston suka fara a 2003 da 2004, an watsa wannan ragowa a gonaki masu cutar, aka ga ɓarnar ta ragu, amfani ya ƙaru, kuma tasirin zubi ɗaya ya wuce shekara 10. A yanzu manoma kan zuba tan 5 zuwa 10 a kowace eka.

Har ila yau akwai gwajin ƙasa kafin shuka. Ana ɗebo ƙasa daga wurare daban-daban na gona, a zuba a tukwane, a shuka ƙidayayyun ƙwayoyi, a riƙa ba su ruwa sosai a ɗaki mai ɗumi har mako huɗu, sannan a ƙirga waɗanda suka mutu a ba gonar maki daga 0 zuwa 100. Da wannan maki manomi yake sanin irin da zai saya da yawan maganin da za a sa masa. Sun kuma dage da binne bututun janye ruwa a ƙarƙashin gonaki, da shuka da wuri tun ƙasa tana da sanyi domin tsiro ya yi ƙwari kafin masu son ɗumi su farka, da barin aƙalla shekara uku kafin a maimaita gwazar sukari a gona ɗaya, tare da fifita alkama a shekarar da ta gabace ta.

Ta fuskar feshi kuwa, dokar da malaman gonarsu suke nanatawa ita ce kada a maimaita rukuni ɗaya a jere, kuma a riƙa haɗa na zamani da tsohon magani mai bugu wurare da yawa, kamar na jan ƙarfe ko mankozeb. Kowace shekara ma'aikatan kamfanonin sukari suna tattara ganyen da ya kamu daga gonaki su kai ɗakin bincike na jami'a a gwada, domin a san maganin da ya fara rauni tun kafin ya kunyata manomi a gona.

Mu fa, ina muka tsaya?

Duk wanda ya taɓa renon iri a lambu ya san abin da muke nufi: ka shuka tumatir ko kabeji ko latas, ya fito kore shar, bayan kwana kaɗan ka tarar da wani gefen fangalin ya kwanta kamar an zuba masa ruwan zafi. Fitiyam da Rizoktoniya su ne kan gaba wajen wannan aika-aika, kuma ɗumi da danshin ƙasarmu sun fi musu daɗi. Abin da aka saba shi ne a garzaya shago a ce a ba da magani mai ƙarfi, a dawo a fesa, in bai yi ba a sayo wani mai sabon suna. Sau da yawa sunan ne kawai ya canza, abin da ke ciki ɗaya ne. Metalaksil da ke cikin Ridomil Gold danginsa ne yake cikin garin Apron Star da ake cuɗa iri da shi, Topsin da kabendazim kuma duk 'yan lamba 1 ne. Mafi muni shi ne maganin da ake ƙullawa a leda ko a ɗura a kwalba babu suna babu takarda, wanda ba mai iya faɗin abin da ke cikinsa.

Ba muna cewa a je a nemo farar ƙasa a watsa a lambu ba, domin a kan Afanomaisis aka fi ganin amfaninta. Abin ɗauka shi ne tsarin: a san cutar, a gyara ƙasa da ruwa, magani ya zo daga ƙarshe. Gwajin tukwanen nan ma ba ya buƙatar jami'a. A samu gwangwani biyu a huda gindinsu, ɗaya a cika shi da ƙasar fangali yadda take, ɗaya da ƙasar da aka turara ko aka gasa a wuta ta huce, a shuka ƙwaya 20 a kowanne, a ba su ruwa daidai. Idan na gasasshiyar ƙasa suka rayu na ɗayan suka zube, to laifin ba na mai sayar da iri ba ne, yana cikin ƙasar.

Sauran matakan duk masu araha ne. A ɗaga fangalin reno ya fi ƙasa tudu domin ruwa ya riƙa wucewa. A ƙona busasshiyar ciyawa a kansa kafin shuka, ko a jiƙa shi a rufe da farar leda mai nuna ciki na mako huɗu zuwa shida a lokacin zafin rana. A yi shuka a layi ba a cunkushe ba, a yi ban ruwa da safe maimakon yamma, a yi amfani da takin da ya gama ruɓewa, kuma a guji ɗiban ruwan kwata a kan jariran tsiro, tunda mun ji yadda 'ya'yan cutar suke iyo. Tsiron da ya faɗi a cire shi da ƙasar da ke kewaye da shi a kai nesa. Kada a yi reno a wuri ɗaya shekara da shekaru. Idan za a yi feshi, a bi ma'aunin da ke jikin takarda, kuma a canza rukuni, ba sunan kwali ba. Irin da aka cuɗa da magani kuwa a nisanta shi daga yara da kaji, a wanke hannu bayan taɓa shi.

A nan ne aikinmu matasa yake. Da yawa daga cikin iyayenmu masu lambu sun fi mu sanin ƙasa nesa ba kusa ba, amma rubutun da ke bayan kwalin magani da Turanci yake, kuma ƙanana ne haruffansa. Mu da Allah Ya ba mu damar zuwa makaranta, ba abin wahala ba ne mu raka Baba shago, mu karanta masa sunan sinadarin da ke ciki, mu duba ko hukumar kare muhalli ta EPA ta yi masa rajista, mu rubuta a littafi abin da aka fesa da ranar da aka fesa shi. Manoman Amurka ba su san maganinsu ya fara mutuwa ba sai don suna ƙirgawa suna rubutawa, kuma suna yin hakan a ƙungiyance.

Daga ƙarshe muna kira ga ƙungiyoyin masu lambu da su riƙa gayyatar malaman gona na Ma'aikatar Abinci da Aikin Gona, su kuma nemi a kai samfurin tsiron da ya mutu ga masana, ko a sashen kare tsirrai na ma'aikatar da ke Pokuase, ko Cibiyar Binciken Amfanin Gona ta Fumesua kusa da Kumasi, ko ta Nyankpala kusa da Tamale. Muna kuma roƙon sarakunan zango da limamanmu su ba wannan magana wuri a tarukansu kafin lokacin reno ya zo, domin magungunan da ke hannunmu kaɗan ne, kuma wanda ya mutu a cikinsu da wuya ya dawo. Allah Ya albarkaci noman iyayenmu, Ya tsare mana shi daga annoba, amin.